Hirar Bincike a Kan Asali da Ɗabi'un Al'umma: A Gyara Tambaya Kafin a Hukunta Amsa

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi sai ya rubuta kundin bincike, kuma da yawa daga cikin ɗaliban sashen Hausa sukan zaɓi batun da ya shafi al'ada, kamar tarbiyya ko zumunci ko kunya, ko kuwa yadda matasan yau suke kallon kansu a matsayin Hausawa. Hanyar da aka fi bi ita ce a samo jerin tambayoyi daga wani littafi ko daga intanet, a mayar da su Hausa cikin dare ɗaya, a fita unguwa ko ƙauye a karanta wa mutane, sannan a dawo a ƙirga masu cewa "e" da masu cewa "a'a", a fitar da kaso cikin ɗari. Daga nan sai a rubuta cewa bincike ya tabbatar da kaza game da Bahaushe.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, akasarin irin wannan sakamako ba abin dogaro ba ne, kuma ɓarakar tana ga tambayar tun kafin a kai ga amsa. Ita ma tambaya tana da gidan da ta fito, tana ɗauke da tunanin mutanen da suka tsara ta. Idan aka ɗauko ta daga wata al'umma aka kai wa wata, sau da yawa abin da take aunawa shi ne yadda wanda aka tambaya ya fahimce ta, da kuma yadda ya ɗauki mai tambayar. Za a kawo hujjoji daga fagen kwatanta halayyar ɗan Adam tsakanin al'adu, domin masana wannan fage sun daɗe suna tuntuɓe a kan wannan dutse, kuma sun bar darussan da malamin gobe zai amfana da su.

2.0 Fagen da Ake Magana a Kansa

Ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ake koya wa kowane ɗalibin malanta, yana nazarin yadda mutum yake tunani da koyo da mu'amala. Reshensa da ake magana a kai shi ne wanda yake kwatanta al'ummu daban-daban, don a gane abin da 'yan Adam suka yi tarayya a kansa da abin da al'ada ce ta shuka shi. An kafa ƙungiyar masana wannan reshe ta duniya a Hong Kong a shekarar 1972.

Bukatar wannan reshe ta ƙara fitowa fili a shekarar 2008, lokacin da Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallu shida na ilimin halayyar ɗan Adam, ya tarar kashi 68 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu Amurkawa ne. A 2010 kuma Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu suka ja hankali da cewa kashi 96 cikin 100 na irin waɗannan mutane sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu masana'antu, waɗanda ba su wuce kashi 12 cikin 100 na mutanen duniya ba. Ke nan, galibin tambayoyin da ɗalibi zai tarar a littattafai an ɗinka su ne daidai jikin wasu mutane 'yan kaɗan.

Wanda ya ba wannan fage ɗaya daga cikin manyan makamansa masanin harshe ne, wato Kenneth Pike. A 1954 ya bambance kallon al'ada daga waje da kallonta daga ciki, ya kuma aro wannan bambanci daga ilimin furuci da na tsarin sauti. Ɗalibin Hausa ba zai sha wahalar gane wannan ba. Kunnen baƙo yana iya jin "baki" da "baƙi" a matsayin kalma ɗaya, amma ga mai harshen kalmomi biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Haka abin yake ga ɗabi'u. A 1969 John Berry ya nuna cewa mai bincike yakan fara ne da ma'aunin da ya zo da shi daga gida, ya ɗora wa mutane, yana zaton na kowa da kowa ne. Gyaran da ya ba da shi ne a fara fahimtar kowace al'umma daga ciki, sannan a nemi inda ma'aunan suka haɗu, a yi kwatance a nan.

3.0 Tambaya da Gidan da Ta Fito

A shekarun 1931 da 1932 masanin nan na Tarayyar Sobiyat, Alexander Luria, ya yi hira da manoman ƙauyukan Uzbekistan waɗanda ba su yi karatun boko ba. Yakan gaya musu cewa a can arewa mai nisa, inda ƙanƙara take rufe ƙasa, duk dabbar da ake kira beyar fara ce, kuma wuri kaza yana can arewa mai nisa. Sai ya tambaye su launin beyar ɗin wurin. Da yawa suka ƙi yanke hukunci, suka ce ba su taɓa zuwa can ba, a tambayi wanda ya je ya gani. Luria ya ɗauki wannan a matsayin alamar cewa rashin makaranta ya hana su yin tunani a kan abin da ba ya gabansu. Masana da suka biyo baya, irin su Sylvia Scribner, sun nuna cewa akwai tsararren tunani a cikin irin wannan amsa, sai dai an gina shi a kan wata ƙa'ida dabam, wato mutumin kirki ba ya ba da shaida a kan abin da bai gani ba. Dattijon da ya tashi a inda ake cewa gani ya kori ji zai iya ba da amsa iri ɗaya, kuma ba za a ce ba shi da hankali ba.

Makamancin haka ya faru a Laberiya a shekarun 1960, inda Michael Cole da John Gay da Joseph Glick suka yi aiki cikin al'ummar Kpelle. An ba mutane kaya ashirin, da suka haɗa da abinci da tufafi da kayan aiki da kayan girki, aka ce su kasa su. Maimakon su tara abinci wuri guda, kayan aiki wuri guda, sai suka riƙa haɗa wuƙa da lemo, tun da da wuƙa ake yanka lemo, suna cewa haka mai hankali zai yi. Da Glick ya tambaye su yadda wawa zai kasa kayan, nan take suka kasa su rukuni-rukuni, daidai yadda masu binciken suke ɗauka shi ne amsar mai basira. Ashe sun iya tun farko, ba su dai ga hikimar yin haka ba ne.

Idan aka koma kan tambayar asali, fitaccen ma'auni shi ne wanda Manford Kuhn da Thomas McPartland suka fito da shi a Amurka a 1954. Akan ba mutum takarda mai layi ashirin, a ce ya amsa tambayar "wane ne ni?" sau ashirin. Ɗaliban Amurka sukan cika ta da halayensu na kansu, irin su "ni mai gaskiya ne" ko "ni mai son raha ne". Ɗaliban Japan kuwa sun fi ambaton matsayinsu cikin jama'a. Cikin sauƙi za a iya cewa mutumin Japan bai san halin kansa ba. Amma a 1989 Steven Cousins ya sauya tambayar, ya ce kowa ya bayyana kansa a gida, ko a makaranta, ko cikin abokai. Sai lamarin ya juya, ɗaliban Japan suka fi na Amurka ambaton halaye. Mutanen ba su canza ba, tambayar ce aka mayar da ita irin wadda take da ma'ana a wurinsu. A Kenya ma, binciken da Vaunne Ma da Thomas Schoeneman suka buga a 1997 ya tarar amsoshin ɗaliban jami'a na Nairobi sun fi kusa da na ɗaliban Amurka, a kan yadda suka yi kusa da na makiyayan Masai da Samburu na ƙasarsu. Wannan gargaɗi ne ga duk mai raba takardun tambayoyi ga 'yan ajinsu, sannan ya rubuta sakamakon da sunan al'umma baki ɗaya.

A ƙasar Hausa, in aka tsare dattijo da tambayar "wane ne kai?", mai yiwuwa ya ce shi bawan Allah ne, ko ya faɗi sunan mahaifinsa da unguwarsu. Ba zai jera kyawawan halayensa ba, domin an horar da shi cewa yabon kai jahilci ne. Hausa tana cike da kalmomin siffanta hali, amma an fi amfani da su a kan wani, ba a kan mai magana ba.

4.0 Kalma da Fassara

Tun a 1970 Richard Brislin ya yayata hanyar tace fassara wadda har yau ake bi. Mutum ɗaya zai fassara tambaya zuwa harshen gida, wani dabam da bai ga ta asali ba ya mayar da ita harshen farko, sannan a kwatanta. Hanya ce mai amfani, tana kama kurakuran ganganci. Sai dai ba ta kama nauyin da kalma take ɗauke da shi a zuciyar masu harshen. Kalmomi uku sun isa misali.

Ta farko ita ce "asali". Ɗalibi yakan fassara tambayar da take neman mutum ya faɗi al'ummar da yake jin shi nata ne da cewa, "Mene ne asalinka?" A kunnen Bahaushe kuwa asali ya shafi tsatso da nasaba, shi ne abin da ake bincike a kansa kafin a ba da aure, kuma "marar asali" zagi ne mai zafi. A garuruwan da har yanzu ake tuna gidan da kakanninsa bayi ne, wannan tambaya tana iya zama tonon silili, ta rufe bakin mutum har ƙarshen hira.

Ta biyu ita ce "al'ada". A cikin aji tana nufin ɗaukacin hanyar rayuwar al'umma. A bakin mai wa'azi kuwa sau da yawa ana gwama ta da addini ne, a matsayin abin da aka gada wanda shari'a ba ta zo da shi ba. Saboda haka malamin zaure da aka tambaya ko yana riƙo da al'ada yana iya cewa a'a, alhali kuwa gaisuwarsa da suturarsa da tsarin gidansa duk al'ada ce. Idan kuma saurayi ya tambayi matar aure game da "al'adarta", ya taɓo wata ma'ana ta uku wadda ba ta cikin takardarsa, wato jinin wata.

Ta uku ita ce "kunya". A yawancin ma'aunan da aka tsara a ƙasashen Yamma, noƙewa cikin jama'a rauni ne da ake so yaro ya rabu da shi. A Hausa kuwa "marar kunya" shi ne abin ƙi. Anthony Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe wadda aka buga a 1974, ya sanya kunya cikin siffofi goma, tare da gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Uwar da ta ce ɗiyarta tana da kunya yabonta take yi, amma ma'aunin aro zai rubuta wa yarinyar matsala. Ba Hausawa kaɗai abin ya shafa ba. Xinyin Chen da abokan aikinsa sun tarar a farkon shekarun 1990 cewa yara masu noƙewa suna da karɓuwa wurin 'yan'uwansu a birnin Shanghai, saɓanin takwarorinsu na Kanada. Da suka sake aunawa a 2002, bayan tattalin arzikin Sin ya sauya, sai suka tarar wannan karɓuwa ta gushe. Ke nan nauyin ɗabi'a yana bambanta daga wuri zuwa wuri, yana kuma sauyawa daga zamani zuwa zamani.

Ko kalmar amsa ma ba ta tsira ba. Bahaushe yakan ce "to" ko "haka ne" don ya nuna ya ji, ko don kada ya kunyata baƙo. Ɗalibin da ya mayar da kowane "to" zuwa "na yarda ƙwarai" ya ƙirga ladabi ne a gurbin ra'ayi.

5.0 Wa Yake Tambaya, a Ina, Kuma Yaushe?

Amsa tana bin fuskar mai tambaya. A 2016 Claire Adida da abokan aikinta suka nazarci bayanan Afrobarometer, cibiyar da take jin ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka tun 1999. Sun duba ƙasashe 14, suka tarar amsoshin mutane suna bambanta gwargwadon ko mai tambayar ɗan ƙabilarsu ne ko ba shi ba ne, kuma a gaban bare an fi ba da amsar da ake ganin za ta yi daɗin ji. Wani nazarin da Benn Eifert da Edward Miguel da Daniel Posner suka buga a 2010 ya nuna cewa mutane sun fi bayyana kansu da sunan ƙabila idan zaɓen shugaban ƙasa mai zafi ya ƙarato. Tambaya ɗaya, mutum ɗaya, amma amsar watan zaɓe dabam take da ta sauran watanni.

Sunan "Bahaushe" kansa yana da wannan hali. Mutumin da a cikin birnin Kano zai ce shi Bafillace ne ko Babarbare, in ya sauka Sabo ta Ibadan ko zangon Kumasi, Bahaushe za a kira shi, kuma zai amsa. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960 ya kuma buga littafinsa a 1969, ya nuna yadda mazauna unguwar suka ƙara ƙanƙame Hausancinsu don kare cinikin goro da na shanu da yake hannunsu. Don haka takardar da ta tilasta wa mutum ya zaɓi akwati ɗaya tak, ko Bahaushe ko Bafillace, ta yanke masa hukuncin da rayuwarsa ba ta yanke ba.

Akwai kuma abubuwan da ba a faɗa kai tsaye. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, a gidaje da yawa mace ba ta ambaton sunan mijinta, kuma mutane da dama ba sa son a ƙirga musu 'ya'ya ko dabbobi. Magidancin da aka yi wa tambaya a dandali, abokansa suna saurare, zai faɗi abin da ya dace a ji ne. Matar da aka yi hira da ita mijinta yana tsaye, ko surukarta tana zaune, ita ma haka. Ba ƙarya suka yi ba. Sun amsa wata tambaya ce da mai binciken bai san ya yi ba, wato, "Me ya kamata mutum mai mutunci ya faɗa a nan?"

6.0 Illar Amsar da Ba a Tace Ba

Wani zai ce ai kundin ɗalibi ne kawai, a kan kanta zai ƙare. Amma sakamakon bincike yana da tsawon rai, kuma yakan rikiɗe ya zama lakabin da ake manna wa jama'a.

Geert Hofstede ya gina shahararren aikinsa na 1980 a kan takardun tambayoyi kimanin 116,000 da ma'aikatan kamfanin IBM suka cika tsakanin 1967 da 1973. Da ya faɗaɗa aikin, sai ya haɗa Gana da Nijeriya da Saliyo a matsayin yanki ɗaya, ya ba su maki 20 a ma'aunin fifita kai a kan jama'a, Amurka kuwa ta sami 91. Shi kansa Hofstede ya yi gargaɗin kada a ɗauki makin ƙasa a ɗora wa mutum ɗaya. Duk da haka ana ta yawo da irin waɗannan alƙaluma ana cewa ga halin ɗan Afirka ta Yamma, alhali daga ma'aikatan ofis na kamfani guda aka samo su, ba daga manomin Ɓatagarawa ko masuncin Yawuri ba.

Misalin da ya fi kusa shi ne na Robert LeVine, wanda a 1966 ya buga bincike kan kishin cin nasara tsakanin samarin makarantun sakandare na Hausawa da Ibo da Yarabawa. Ya tattara labarin mafarkansu da rubutunsu kan hanyar samun nasara a rayuwa, ya tarar alamun wannan kishi sun fi yawa ga samarin Ibo, sun fi ƙaranci ga Hausawa, waɗanda suka fi ambaton biyayya. Ya danganta haka da tsarin barantaka na masarautun Arewa. Aiki ne da aka yi da natsuwa, amma akwai abin tambaya a kansa. Yaro Musulmi ya tashi da koyarwar cewa mummunan mafarki ba a ba da labarinsa, kyakkyawa kuma sai ga masoyi. Ya kuma tashi da tsoron baki, ba ya shelar burinsa kafin ya tabbata. Shin kishin aka auna, ko kuwa yarda a bayyana shi ga baƙo? Al'ummar da fatakenta suka yi ta taka sayyada zuwa Gwanja neman goro, wadda ta haifi attajiri irin Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955, da wuya a ce ba ta san neman ci gaba ba.

Nan ne batun ya taɓa malami kai tsaye. Wanda ya fita kwaleji da imanin cewa bincike ya nuna yaran wata al'umma ba su da himma, zai shiga aji ya ga yaro ya sunkuyar da kai bai amsa tambaya ba, ya ce ga tabbaci. Ba zai tuna cewa a gidansu an hana yaron kallon babba cikin ido ba. Daga nan sai ya mayar da shi bencin baya, ya daina nuna shi, kuma a ƙarshen zango sakamakon jarrabawa ya gaskata zaton da malamin ne ya gina shi da hannunsa.

7.0 Hujjar Masu Ganin Akasin Haka

Akwai masu cewa in kowace al'umma sai an yi mata tambayoyinta na daban, to kwatance ya rushe ke nan, domin ba a auna hatsi biyu da mudu biyu a ce wannan ya fi wancan. Suna ƙarawa da cewa doguwar hira tana cin lokaci, ba ta wuce mutane ƙalilan, kuma tana ba mai bincike damar zaɓen maganar da ta yi masa daɗi. Waɗannan hujjoji ne masu ƙarfi, kuma gaskiya ne ma'auni na bai-ɗaya ya haifar da ilimi mai amfani. Shalom Schwartz ya gabatar da abubuwan daraja 56 ga mutane a ƙasashe 20, akasarinsu malaman makaranta da ɗaliban jami'a, ya fitar da rukunai goma da suke maimaituwa a al'ummu masu yawa, ya buga sakamakon a 1992. Ya zaɓi malamai ne domin su ne masu miƙa ɗabi'un al'umma ga na baya.

Amsar wannan hujja ita ce, ba a ce a jefar da mudu ba, cewa aka yi a san wanda ya sassaƙa shi. Michael Bond ya gwada haka a aikace. Ya roƙi masana 'yan Sin su jera abubuwan da al'ummarsu take darajantawa, cikin harshensu, aka tsara tambayoyi 40 daga ciki, aka kai wa ɗalibai a ƙasashe sama da ashirin. Sakamakon da aka buga a 1987 ya fito da ɓangarori huɗu. Uku sun yi daidai da na Hofstede, na huɗun kuwa, wanda ya ƙunshi juriya da tattali da jin kunya, sabo ne fil, babu shi a ma'aunin da Turawa suka tsara. Daga baya Hofstede ya karɓe shi ya ƙara a nasa. Abin da ba a tambaya ba, ba ya fitowa a amsa. Haka nan in aka jera rukunan Schwartz goma kusa da siffofin mutumin kirki goma, za a ga sun haɗu a wurare, amma haƙuri da kunya ba su da gurbi na kansu a wancan jerin, sai dai a tsinci ɓurɓushinsu a ƙarƙashin wasu rukunan.

Ya kamata kuma a faɗi cewa zama ɗan gida ba kariya ba ce. Baƙo yakan yi kuskure don bai sani ba, ɗan gida kuwa don yana zaton ya riga ya sani. Ɗalibin da ya tashi a Zariya yana iya ɗora Hausancin birni a kan Bamagujen ƙauye ko Ba'aren Dogon Dutse, ya yi musu irin abin da ake kukan Bature ya yi.

8.0 Abin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Yi

Kyakkyawan abin koyi yana nan a ƙasar Zazzau. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith, matar masanin nan M. G. Smith, ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, tana rubuta labarin rayuwarta daga bakinta cikin Hausa. Mace ce take hira da mace, a cikin gida, zama bayan zama. Littafin da ya fito a 1954 ya ƙunshi bayanin aure da kishi da ƙawance da bori da harin bayi da zuwan Turawa, kuma ɗabi'un Baba sun fito ne ta cikin labaran da ta bayar, ba ta hanyar zaɓen "e" ko "a'a" ba. Daga wannan da sauran misalan da suka gabata ana iya tsamo waɗannan matakai:

(a) A shiga ta ƙofa. A fara da mai unguwa ko maigida, a yi sallama da cikakkiyar gaisuwa, a kira mutum da sunan girmansa, Baba ko Inna ko Malam ko Hajiya. A bayyana ko wane ne mai tambaya da abin da za a yi da maganar, domin mutane da yawa sukan zaci gwamnati ce ta aiko, ko rabon tallafi za a yi.

(b) A nemi izini kafin a ɗauki murya da wayar hannu, a kuma cika alkawarin sakaya suna. Wanda ya ƙi amsa wata tambaya a ƙyale shi.

(c) A fara da hirar sakin baki da mutane kaɗan, a tattara kalmomin da su da kansu suke amfani da su, sannan a gina takardar tambayoyi da waɗannan kalmomi, a gwada ta kafin a fita da ita.

(d) A tambayi labari da misali maimakon hukunci. "Wane irin mutum ne za ku ba wa 'yarku?" ta fi "Me kuka fi darajantawa?" buɗe baki. Haka nan, "Yaushe aka taɓa cewa wani ya zubar da mutuncinsa a garin nan, me ya yi?" ta fi neman ma'anar mutunci.

(e) A bar mutum ya ambaci kansa da suna fiye da ɗaya, a kuma tambaye shi a ina yake amfani da kowanne.

(f) Mace ta yi hira da mata, a wurin da babu mai sa musu ido. A rubuta wanda ya yi tambaya, da wurin, da ranar, da waɗanda suke zaune, domin duk suna cikin sakamakon.

(g) A haɗa ji da gani. Wanda ya ce zumunci ya mutu, a lura da yawan masu cin tuwo a gidansa.

(h) A rubuta sakamako daidai faɗinsa. In mutum talatin aka tambaya a unguwa ɗaya, a ce mutum talatin a unguwa kaza, kada a ce Hausawa.

9.0 Kammalawa

An ga yadda manoman Uzbekistan da mutanen Kpelle da ɗaliban Japan suka ba da amsoshin da aka fara ɗauka gazawa ce, daga baya aka gane tambayar ce ba ta zauna daidai ba. An kuma ga yadda kalmomi irin su asali da al'ada da kunya suke ɗauke da nauyin da fassara ba ta nunawa, da yadda amsa take sauyawa gwargwadon mai tambaya da wuri da lokaci. Hausawa suna cewa matambayi ba ya ɓata, amma wannan ya tabbata ne ga wanda ya san yadda ake tambaya a garin da ya sauka. Ɗalibin malanta zai yi shekaru yana yi wa yara da iyayensu tambayoyi, yana kuma rubuta hukunci a kansu cikin rajista da katin sakamako. Saboda haka duk lokacin da amsa ta zo masa a karkace, wajibi ne ya koma ya duba tambayarsa tukuna, ya sake ta da wasu kalmomi a wani zama, kafin ya ɗora alƙalami ya rubuta wani abu a kan mutum ko a kan al'ummarsa.